Malam Ya Gaishe da Masu Zaman Makokinsa

Idan mutum ya gaishe ka bayan an binne shi, amsa masa ake yi ko shiru ake yi? Na aika ƙanin maigidana ya tambayi liman, liman ya ce addu'a za a yi masa. Addu'a ina yi, ba na fashi. Amma ba abin da na tambaya ke nan ba. Ni da kunnena na ji Malam, maigidan nawa, ya yi sallama bayan an kai shi makwancinsa, na kuma ji bakina ya buɗe da kansa zai amsa, na rufe shi da hannu. Har yau ban sani ba ko daidai na yi.

Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Ni nake faɗa, autata take rubutawa. Na ce mata kada ta gyara mini magana, in kuka ya zo mini ta ajiye biro ta jira.

Ranar sadakar uku ce. Mata sun cika tsakar gida, maza suna ƙofar gida a gindin darbejiya. An zo daga Auyo, an zo daga Kirikasamma, har daga Malam Madori inda danginsa na wajen uwa suke. Ni ina ɗaki a kan tabarma, na shiga takaba. Ƙanwar Malam, gwaggon yara, tana zaune a bakin ƙofata tana karɓar gaisuwa a madadina, don muryata ta dishe. Sai wayarta ta yi ƙara. Ta zaci masu ta'aziyya ne na nesa, ta danna ko dubawa ba ta yi ba.

"Salamu alaikum. Uwar rigima, kin tashi lafiya? Ya ƙafar taki?"

Shi kaɗai yake kiranta da wannan suna. Ta ce, "Lafiya lau, Yaya," kafin hankalinta ya dawo jikinta. Sannan ta yar da wayar kamar ta ɗauki garwashi, ta ɗora hannu a ka. Wata maƙwabciyarmu ta fita da gudu ta bar takalmanta. Tsofaffi suka ɗauki salati. Muna cikin haka sai muka ji ta bayan katanga wata wayar ta yi ƙara a wajen maza, muryar dai ita ce: "Sarkin ruwa, an tashi lafiya? Ya kamu?" Sai wata kuma. Ba tare suke zuwa ba. Ɗaya ta iso, a zauna kamar an gama, har wani ya gyara murya zai ja addu'a, sai aljihun wani ya yi ƙara, Malam ya tambaye shi lafiyar iyali.

Ba aljani ba ne. Wayarsa aka samu a aljihun rigarsa ranar da aka ɗauko shi daga fadama, batir ya mutu. Da safen sadakar ƙaninsa ya kai ta wajen mai caji don a ciro lambobin mutanen nesa da ba su ji rasuwar ba, ya kunna ta, ya jefa a aljihu. Saƙonnin da Malam ya yi a safiyarsa ta ƙarshe, waɗanda wayar ta riƙe ba ta sake su ba, su ne suka fara fita ɗaya bayan ɗaya.

Mutum ɗaya ne ya gane tun daga saƙon farko, babban ɗana, ɗan farina, wanda ba na kama sunansa. Ya iso daga Kano washegarin jana'iza. An ce ya miƙe, ya je gaban ƙanin ubansa ya durƙusa.

"Baffa, ba ni wayar."

"Ka yi me da ita?"

"In kashe ta."

"Ba za ka kashe ba. Babanka yana magana. Koma ka zauna."

Ya koma ya zauna. Shi ne ya ƙera abin da ya riƙe saƙonnin, kuma duk wanda yake gindin darbejiyar nan ya sani.

Yanzu na ji yaran unguwa in za su yi kwatance suna cewa gidan tsohon da ya bugo waya daga kabari, suna dariya. Shi ya sa na ce a rubuta wane ne shi, kafin wannan ya zama sunansa. Akwai kuma wanda nake so ya karanta. Yana Kano, tun makon rasuwar bai sake taka Haɗeja ba.

Malam manomin shinkafa ne, gonarsa tana fadama ta wajen Auyo, gadon ubansa. Amma in ni za a tambaya, sana'arsa gaisuwa. Tun ina amarya na gane. Zai fita sallar asuba, in dama koko in zuba masa, kokon ya huce ya yi fata, in mayar wuta, ya sake hucewa. Yana can yana bin ƙofofi. Ba ya gaisuwar wucewa. Sai ya tsaya ya tambayi kwana, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi akuyar da aka ce ta daina cin abinci, ya tambayi ɗan da ya tafi ci-rani ko ya aiko. Kowace tambaya sai ya jira amsarta kafin ya yi ta gaba. Na taɓa ce masa, "Malam, abokan gonarka sun ci rabin aiki, kai kana ƙofar mutane." Ya ce, "Shinkafa ba ta mutuwa a ɗaki ita kaɗai. Mutum yana yi."

Abin da ya fi yawan faɗa shi ne, "Ba wanda ya amsa nake nema ba, wanda bai amsa ba nake nema." Ban ɗauki maganar da nauyi ba sai shekarar da ya shigo mini da wani tsohon masunci a kan amalanke. Mutumin ba mata, 'ya'yansa sun watse, yana zaune a ƙarshen unguwa. Malam ya yi sallama a ƙofarsa, shiru. Ya sake, shiru. Ya sa kafaɗa ya ɓalle ƙofar, ya same shi a ƙasa, ɓarin jikinsa ya shanye. A zaurenmu mutumin ya ƙare kwanansa. Ni nake dafawa, Malam yake ba shi a baki, shi yake wanke shi, shi yake juya shi. Ba danginmu ba ne, ko garinsu na asali ba mu sani ba.

Kada a ce na mayar da shi waliyyi. Malam yana da taurin kai, yana da riƙo. In ka wuce shi ba ka gaishe shi ba, ko shekara nawa aka yi zai tuna. Wani dillali ya taɓa zuwa da farashi mai kyau, ya yi sallama yana kan babur bai sauko ba, injin ma bai kashe ba. Malam ya ce masa shinkafa ta ƙare, buhuna kuwa ga su a bayansa sun kusa taɓa rufin zaure. Daga baya muka sayar da ita a wulaƙance. Na ɗauke masa wuta, na daina yi masa magana. Bai ba ni haƙuri ba. Kowace safiya dai sai ya tsaya a ƙofar ɗakina ya jero mini gaisuwarsa daga farko har ƙarshe, yana barin wurin amsa kamar ina amsawa, har na gaji na amsa.

Da gwiwoyinsa suka fara ba shi wahala, zagayen ya ragu. Ya koma layinmu kawai, sannan ya koma ƙofar masallaci. Kwalekwale yana iya tuƙawa, don hannunsa bai tsufa ba, amma tafiyar ƙasa ta gagare shi. Yakan zauna a zaure yana lissafa mutanen da bai ji lafiyarsu ba, ransa a ɓace.

A nan yaron nan ya shigo maganar. Ya karanci kwamfuta, yana aiki a Kano. Malam bai taɓa kama sunansa ba, ni ma haka, ɗan fari ne, haka muka tarar ana yi. Kakarsa ce ta rene shi. In dole ta kama a ambace shi, Malam ya ce "wancan," ko ya ce "na Kano." Duk unguwar nan yana gaishe su kowace safiya, ban da shi.

Ƙungiyar manoma da masunta na bakin kogi suka roƙi yaron ya yi musu hanyar aika saƙo, don a fadama kira ba ya shiga, sabis yana zuwa yana tafiya kamar iska. Ya yi musu wata manhaja ta waya. Ba sai ka iya karatu ba. Ka danna, ka yi magana, ka saki, wayar ta riƙe muryarka, in sabis ya leƙo ta tura. Amfaninta, na saman kogi su gaya wa na ƙasa ruwa ya ƙaru, ko jinga ta tsage a wuri kaza, wato tudun ƙasar da ake tarawa ya tare ruwa daga gonaki. Ranar da aka sa wa Malam a wayarsa, babbar rigarsa ya sa ya fita. Yana nuna wa mutane yana cewa, "Wani yaro ne ya yi." Kowa ya san wane yaro.

Abin nan ya mayar masa da ƙafafunsa. Sai ya je gona, ya hau kan jinga inda sabis ya fi kamawa, ya zauna ya gaishe da mutane kafin ya taɓa aiki. Kuma yadda yake yi a ƙasa haka yake yi a waya. Ina kwana, saƙo guda. Ina gajiya, saƙo guda. Ya iyali, saƙo guda. Ga mutum ɗaya ke nan, kuma duk 'yan ƙungiya yake bi, daga manya zuwa ƙanana, har da 'yan'uwa da aka sa wa manhajar.

Mutane suka fara ƙorafi a ɓoye. Hanyar sabis a fadama siririya ce. An yi ranar da na sama suka aiko cewa ruwa yana tafe, saƙon ya maƙale a bayan gaisuwa, kafin ya isa ruwa ya cinye injin ban-ruwan wani. An kuma yi wani ɗan iska da ya riƙa tura wa kowa cewa an saki dam, yana turawa yana sakewa, har wasu suka yanke shinkafa ɗanya. Ba mai iya tarar Malam ya ce masa ya rage gaisuwa. Sai suka kai kuka wurin ɗansa.

Da Babbar Sallah ya zo gida, ya zauna a inuwar ɗakina da kwamfutarsa a cinya yana ta danne-danne. Ni ina zuba man gyaɗa a kwalabe. Na ce wa autata ta tambaye shi me yake rubutawa haka ko nama bai ci ba. Ya nuna mazurarin da yake hannuna.

"Irin wannan nake yi, Inna. In kika juye man gaba ɗaya, kwalba ba za ta sha ba. Kowace waya zan sa mata mazurari. Mutum ya tura kaɗan, sai ta tsaya. Sauran ba za su zube ba, layi za su bi, su riƙa fita a hankali."

"In mutum yana sauri fa?"

"In ya matsa yana ta dannawa, jiran ƙaruwa zai yi. Mai ɓarna ne yake dannawa ba ji ba gani."

Na ce Allah ya taimaka. Ban ga aibun abin ba, har yau kuma in an ce in nuna inda ya yi ƙarya ba zan iya ba. Da yake yawancin mutanenmu ba sa karatu, sai ya ɗauki muryarsa ya sa a ciki. In mazurarin ya cika, wayar ta ce, "A dakata kaɗan."

Washegari Malam ya dawo daga masallaci, ya zauna a kan buzunsa a tsakar gida ya fara gaisuwa. Bai yi nisa ba wayar ta yi magana. Ya dube ta. Ya sake dannawa, ta sake faɗa. Yaron yana tsugune kusa da shi yana alwala, amma ni Malam ya juyo ya kalla.

"Ki tambayi wancan, wane ne a cikin wayata?"

"Inna, ki ce wa Baba ni ne. Ba shi kaɗai ba ne, kowa haka ne."

"Ki ce masa tun da nake, ko hakimi bai taɓa ce mini in dakata ina tsakiyar gaisuwa ba."

"Inna, ki ce masa ya haɗa gaisuwar a saƙo ɗaya ya tura wa kowa gaba ɗaya. Akwai wurin yin haka."

"Gaisuwar sari? Mutane ne ko buhunan taki?"

Na ce, "Ni fa na gaji da zama waya a tsakaninku, ga ku ga juna." Autata ce kawai ta yi dariya.

Sai yaron ya ce a gaya wa Baba zai iya cire lambarsa shi kaɗai, ba wanda zai sani. A nan ne Malam ya fusata da gaske.

"Ki ce masa ba na son alfarma. In dokar gaskiya ce ta hau kaina. In ta ƙarya ce ya cire wa kowa."

"Ba zan iya cire wa kowa ba, Inna."

"To shi ke nan."

Ya koma Kano tun naman layya bai gama bushewa ba. Bayan nan zuwansa ya yi wuya. In ya zo ya durƙusa a zaure ya gaishe da ubansa, uban ya amsa a gajarce. Mutumin da yake tambayar lafiyar akuyar maƙwabci, ɗansa "lafiya" kawai yake samu.

Malam bai rage ko tambaya ɗaya ba. Ya dai koyi halin abin. Sai ya jero gaisuwarsa duka, ya bar su a layi, ya jefa wayar a aljihu ya kama aiki. Na farko su samu tasu da safe, na ƙarshe sai rana ta take. Har tsokanarsa ake yi. Wani abokinsa ya ce, "Malam, jiya ina kwananka ta same ni ina alwalar la'asar." Ya ce, "Ta dai iso. Taka fa, tana ina?"

Akwai abin da na gani da ban taɓa gaya wa kowa ba. Wata rana da yamma na shiga ɗakinsa ɗaukar kwano, na same shi zaune a bakin gado, wayar a kunnensa. Ba gaisuwa yake yi ba. Dannawa yake yi da gangan, muryar ta ce a dakata kaɗan, ya saurara, ya sake dannawa. Da ya gan ni ya ajiye ta da sauri ya ce, "Gwada ta nake yi." Na ɗauki kwanona na fita.

Ranar da abin ya faru damina ta yi nisa, kogi ya cika ya tumbatsa, shinkafa ta fara fitar da kai. Ya tafi shi kaɗai a kwalekwale ya duba jinga. Da azahar ta wuce bai dawo ba ban damu ba, na rufe masa abinci ina mita, na ce ya samu wanda zai gaisar. Bayan la'asar wasu masunta na wajen Auyo suka ga kwalekwale ya maƙale a cikin kacalla, ciyawar nan mai tsawo da ta cinye bakin ruwa. Yana kwance a ciki, ya ɗaure damtsensa da igiyar wando, hannun ya kumbura. Mun san maciji ne. Yadda aka yi ne ba mu sani ba, sai ranar sadakar uku.

Gaisuwar ta yi ta fita har rana ta take. Wasu sun tashi sun tafi, ba su iya jurewa ba. Wasu sun zauna suna jiran tasu, in ta iso mutum ya sunkuyar da kai hawaye yana zuba a gemunsa. Da aka gama da na ƙarshe, sai wayar ƙanin Malam, tasa ta kansa, ta yi ƙara a ɗaya aljihun. Ya buɗe murya kowa ya ji. Mu ma mata mun matso jikin katanga, gwaggon yara tana riƙe da ni.

"Salamu alaikum. Ka tashi lafiya? Ya iyali?"

Aka jira.

"Na ga jinga tana yoyo ta wani rami, na sa hannu in ji zurfinsa. Wani abu ya ɗan taɓa ni. In ba ka da aiki ka zo da kwalekwale."

In ba ka da aiki. Haka ya ce.

Na gaba ya daɗe bai iso ba, don a lokacin ya fara dannawa, yana dannawa jiran yana ƙaruwa. "Gamsheƙa ce, na gan ta. Ka zo da mutum biyu." Sannan, "Na gwada tura kwalekwalen, hannu ɗaya ba ya fitar da ni daga kacalla." Muryarsa ta fara nauyi, kamar mai magana da tuwo a baki. Ya ce a toshe ramin nan yau, kada a bari ya kwana, gonakin mutane suna baya. Ya ce idonsa yana rufewa da kansa.

Sai wani gajere ya iso. Ba da ƙaninsa yake ba, ko da yake wayarsa ya shiga. A hankali ya faɗa, ba faɗa a ciki, ba fushi.

"To. Na ji. Na dakata."

An ce duk wanda yake wurin ya kau da kai don kada ya kalli yaron nan. Na ƙarshe kalmar shahada ce, da ƙyar take fita, amma ta cika. Liman ya ce alhamdulillahi, ga shaida kowa ya ji, mutane da yawa ba sa samun haka. Gaskiya ya faɗa, ina riƙe da ita.

Abokin nan nasa mai tsokana shi ne ya fara magana bayan an shafa addu'a. Ya ce, "Ranar ban samu tawa ba har yamma. Na ce mazurari ya kama Malam, har na yi dariya. Mutumin da in ban amsa ba, sai ya aiko a duba ni." Bai ƙarasa ba. Ba shi kaɗai ba ne. Rabin ƙungiya ba su samu gaisuwa ba ranar, kowa ya ce layi ne, ba wanda ya ce bari in leƙa. Ni ma da nake gida abinci na rufe.

Ƙanin Malam ya ce wa yaron, a gaban mutane, ko da saƙon ya iso a kan lokaci, daga nan zuwa gona tafiya ce, daga gona zuwa asibiti wata tafiyar ce, dafin gamsheƙa kuma ba ya jira. Ya ce kwana ne ya ƙare. Yaron ya ce, "Haka ne, Baffa." Bai ci abinci ba ranar. Da safe ya zo ƙofar ɗakina ya durƙusa, jakarsa a kafaɗa.

"Inna, zan koma."

Bakina cike yake da magana. Amma ban taɓa riƙe hannunsa ba tun yana goye, ban taɓa ce masa zauna kusa da ni ba, ban san ta inda ake farawa ba. Na ce, "Allah ya kiyaye hanya." Ya ce amin, ya tashi.

Bai zo sadakar arba'in ba. Autata yake kira, ita ma ba kullum ba. Ta ce ya gaya mata, "Na yi tunanin mai ɓarna, na yi tunanin mai surutu. Ban yi tunanin wanda yake mutuwa ma haka yake dannawa ba." Ta ce ya gyara abin, yanzu akwai wani jan wuri da in mutum yana cikin hatsari ya danna saƙonsa ya tsallake layi. Ya kuma cire muryarsa, wayar ƙara kawai take yi. In ta ce masa ga Inna, sai ya ce a gaishe ta, aiki ya yi masa yawa. Matarsa ta gaya wa autata ya rame, ba ya zama cikin mutane, ya ce ba zai iya haɗa ido da ni ba.

Ni ban ɗora masa ba. Ban ɗora wa Malam ba, ko da yake wani lokaci ina zaune sai in ji haushinsa ya taso mini, in ce mutum maciji ya sare ka kana tambayar lafiyar iyali. Sai kuma in tuna in bai tambaya ba, ba shi ba ne. Miji na rasa, na haƙura, Wanda ya ba ni shi ya karɓa. Ɗa kuma yana raye, shi ne ban haƙura ba.

An toshe ramin a washegarin rasuwar, tun kafin a ji saƙonsa, maƙwabtan gona suka gani suka yi. Jinga ta riƙe. Shinkafa ta nuna, ƙanin Malam ya ce ta yi jawur har ta sunkuya, tsuntsaye sun fara sauka, ba za ta jira a gama takabata ba.

Kai na Kano, ba zan iya kiran sunanka ba, ba kuma zan iya ce maka ka zo ba, bakina bai saba ba. Amma akwai saƙo a hannuna, ba ta waya ya biyo ba, ni aka ba. Na so in bayar a ranar da aka ba ni, ranar ta zo da abin da ta zo da shi. An kuma haɗa ni da sharaɗi, na yi ta juya shi a raina ina tsoron saɓa wa mamaci. Malam, ka yafe mini, wannan karon ba zan bi maganarka ba.

Da safen ranar da ya rasu ya sha kokonsa, ya tsaya a ƙofar ɗakina ya gaishe ni kamar kullum, ya ɗauki gorar tuƙinsa ya fita. Har ya kai zaure sai na ji takunsa ya dawo. Na zaci hula ya manta. Ya tsaya a bakin ƙofa, bai kalle ni ba, yana kallon kajin da suke tsakar gida, ya ce:

"Shinkafar bana ta fi ƙarfina. Ki sa a gaya wa na Kano ya zo yanka. Ya taho da yaransa su ga ruwa. Kada ki ce ni na ce."